Abin Hawa Ma Yana Sallama

A Koyambattur, bayan layin maƙera,
inda babana ya yi shekara talatin
yana naɗa jar waya a cikin injin markaɗe,
na share lungu ɗaya, na kafa teburina.

Da alli na fara, a kan siminti.
Na sa goggo Valliyammai ta tsaya tsakiyar zanen,
na auna daga diddigenta zuwa gwiwa,
don ita za ta hau, ba wani ƙato ba,
da sari mai yadi shida da kwandon furanni biyu,
ƙarfe huɗu na asuba, kafin kasuwa ta buɗe ido.
Ta ce, "Kar ki sa mini abin da sai na ɗaga ƙafa.
Na wuce shekarun tsallake."
Na goge sandar tsakiya da tafin hannu.
Abu na farko da na ƙera ke nan:
wurin da babu komai.

Batir ne ya sha mini kai.
Na farko nauyi, kamar jiƙaƙƙen buhun shinkafa.
Na biyu ya ɗau zafi a tudun Marudamalai,
ya kumbura, ya yi ƙauri,
na binne shi da yashi ina haɗiyar zuciya.
Na uku ruwan Oktoba ya shige shi
ta ƙofar da ban san na bari ba.
Ilango mai walda ya ce, "Ruwa ba ya neman izini."
Muka sake roba, muka tsoma shi a baho kwana uku,
muna leƙawa kamar masu jinya.
Sau biyu sarƙar zinaren uwata
ta kwana a kantin jingina.
Ba ta taɓa tambaya ba. Wuyanta ne ke tambaya.

Ranar gwaji ya tashi ba tari, ba hayaƙi,
ya sulale kamar man shanu a kasko.
Ina ta washe baki.
A kwanar mai shayi, tsoho Periyasami
ya sako sandarsa kan kwalta,
don kunnensa, wanda shi ne idonsa,
ya shaida masa babu kowa.
Birki ya kama.
Tsakanin taya da sanda bai kai kamu ɗaya ba.

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi sauƙi.
Ya ce, "Yarinya, abin hawa ma yana sallama."

Wata goma sha huɗu ina kashe ƙara,
ashe sai na koma neman ta.
Ilango ya so rugugin jirgi.
Ƙanena ya kawo wani tsuwa daga wayarsa,
har kare ya tashi ya bar mana shagon.
Baba bai ce uffan ba.
Ya kaɗe ƙura daga tsohon injinsa, ya kunna,
dutse ya soma juyi a kan dutse,
gurnanin nan mai taushi da kowane gida a garin ya sani:
ƙullu na laushi, gari ya kusa wayewa.
Shi na naɗa. Shi na liƙa a ƙarƙashin fitila.

Yanzu goggo na wucewa da asuba,
yasmin a gaba, yasmin a baya,
babur na niƙa hanya a hankali.
Periyasami kan ja sanda, ya dakata,
ya ce wannan abin yunwa yake sa shi.

Madubin hagu har yau rawa yake,
na ɗaure noti ya ƙi ji.
Sarƙar kuwa saura biya biyu.